Azumin da Muka Shanye Irin Malam Nomau

Ku yi mini afuwa tun kafin in fara, ni ba marubuci ba ne. Bokon da na yi na tsofaffi ne, wanda ake yi a kan tabarma bayan la'asar, kuma malamata ta sha gaya mini cewa idan na yi rubutu sai ka rantse kaza ce ta taka tawada ta bi ta kan takarda. Amma tunda 'yata Saratu ta ɗauko ni daga gida ta ajiye ni a hawa na uku a Matar Ƙadim, unguwar tsohon filin jirgi a nan Doha, ta kuma kafa mini dokar hana fita da rana, me ya rage mini in ban da biro?

Tana da gaskiya kuwa, ko da yake ban gaya mata ba. Ranar da ta tafi aikinta na asibiti a Al-Sadd na saci jiki na sauka bayan azahar, ina tura ƙofar waje tabarauna ya yi fari fat da tururi, kamar na leƙa tukunyar dambu. Mumuni mai gadin gidan, mutumin Zangon Kumasi ne, shi ma furfura ta fara masa sallama, ya riƙo hannuna yana dariya.

"Alhajin Najeriya, ina zuwa? Yalla, koma sama. Azumi aka ce ka yi, ba a ce ka gasa kanka ba."

Na ce masa lokacin da nake saɓa garwa biyu a kafaɗa da azumi a bakina, shi bai san hanyar masallaci ba. Ya ce, "To a lokacin akwai ɗaki mai sanyi ka ƙi shiga?" Bai kamata babba ya tsaya musu da ɗan Gana a cikin rana ba. Na koma sama.

Da magariba maƙwabciyarmu, wata Basudaniya, ta aiko mana da abincin buɗa-baki a cikin wani kwano mai ƙyalli, marar nauyi. Muka ci, muka yi hamdala. Sai na ga Saratu ta murƙushe kwanon nan da hannu ɗaya ta jefa a shara.

"Ke! Kwanon mutane!"

"Baba, na jefarwa ne. Ba a mayarwa. Kalas, shi ke nan."

Na bi kwanon da ido har cikin shara. Ita ba ta san abin da ya sa ba, don lokacin da abin ya faru ba a haife ta ba.

Shekara talatin da 'yan kai ke nan. Azumi ya faɗo mana a tsakiyar bazara, kamar yadda ya zagayo ya same ni bana, kuma damina biyu a jere ta yaudare mu. Garinmu yana can ƙasar Zamfara, kusa da layin dogo. Ni a lokacin magidanci ne, ɗan manoma da ya gudo daga gona ya kama sayar da ruwa, saboda na lura garwa ba ta jiran hadari. Ashe ita ma tana jira. Rijiyoyi suka ja baya, ka saki guga har igiya ta ƙare a hannunka, ka jawo ka ga rabinsa laka. Da hantsi ƙasa ta riga ta ɗau zafin da ba ka iya taka ta ba takalmi. Bayan azahar gari ya mutu, ko kare ba ya haushi. Leɓɓa su tsage, yawu ya yi kauri a baki, in ka yi salati kana jin harshenka yana manne wa dasashi. Kuka da kanya duk an zage su, mata sun bi tafasa da rama har inda ƙafa ke kaiwa.

Mu ke nan da muke gari. Mutanen arewa da mu, waɗanda ruwansu dama gajere ne, su suka fara gangarowa, wasu da jakuna, wasu jakunan sun mutu a hanya. Suka yi sansani a wani fili bayan tasha da muke kira Bayan Dogo. Bukkokin zana, da buhu, da kwali, da duk abin da zai tare rana. Mutanen gari ba su yi rowa ba, in faɗi gaskiya. Ranar Juma'a akan aika da sadaka, a tsaya daga bakin layin dogo a miƙa, a juyo da sauri ana toshe hanci.

Sai mata uku suka yi abin da ba a taɓa gani ba. Ta farko Malama Talatu, macen da ta fara riƙe alli a makarantar unguwarmu, mai tabarau da gida mai rufin kwano. Ta biyu Inna Kande, ungozoma, wadda rabin garin ta hannunta suka faɗo duniya, shi ya sa ba ta jin kunyar kowa. Ta uku Goggo Mairo mai ƙuli-ƙuli, wadda mijinta ya rasu ya bar mata turame biyu da baki ɗaya mai aikin goma. Waɗannan bayin Allah suka naɗe tabarminsu, suka kulle gidajensu, suka tare a wani tsohon siton gyaɗa da ke tsakiyar bukkokin nan. Can suke yini, can suke kwana.

Gari ya ɗauka. Wasu suka ce karatun boko ne ya taɓa Malama, wasu suka ce neman suna. Mai unguwa da kansa ya tako har bakin siton, ya ce, "Malama, abin da za ki yi a nan ai kina iya yin sa daga gida. Ki dafa ki aiko."

Ta gyara tabarau ta ce, "Ranka ya daɗe, daga gida ba na jin tarin yaro."

Ina wurin, garwa a kafaɗa. Ni suka ɗauka mai kawo musu ruwa, sawu huɗu a yini, kuma ta haka na ga komai.

Ga yadda yini yake tafiya a gidan nan. Da safe, kafin rana ta yi ƙarfi, Inna Kande ta rataye tsohon sikelin awon gyaɗa a jikin azara, mata su kawo jarirai tana auna su ɗaya bayan ɗaya, tana zagin iyayen maza da ba sa nan. Wanda gudawa ta kama a dama masa ruwan gishiri da sukari, kuma ruwan sai an tafasa, ko da kuwa ni na rantse daga rijiyar masallaci na ɗebo shi. Da hantsi Malama ta zauna rubuta takardu zuwa ga hukuma, tana neman a jawo famfo Bayan Dogo. Ta sa maza suka haƙa masai biyu a bayan fili, ta tsaya a kansu da lema har suka gama. Bayan azahar a kwanta a yi lamo, don ba mai iya motsi. Da la'asar ta jingina allo a bango ta tara mata tana koya musu baƙaƙe, kuma duk namijin da tsautsayi ya ratso da shi sai ya zauna. Tsautsayin nan ya ratso da ni sau huɗu a yini. Abin da kuke karantawa yanzu, ku tuhume ta.

Daga nan sai daka. Goggo Mairo ce sarauniyar wannan fage. Hatsin da Malama ta roƙo daga 'yan kasuwa da tsofaffin ɗalibanta, a surfa, a wanke, a niƙa, a dama kunun tsamiya a cikin rabin ganga. In an yi sa'a a samu dambu da ɗan zogale. Ƙamshin tsamiyar nan idan ya bugi mai azumi, sai ya fara leƙen rana ko ta kusa faɗuwa. Ana kiran salla mata su jeru da ƙorai, kowace a zuba mata gwargwadon bakunan da ke bukkarta.

Kowace bukka tana aikowa, ban da guda ɗaya.

Ta Malam Nomau ce, dogon mutum mai 'yar ƙasumba, wanda mutanen yankinsu suka ce rumbunansa sun taɓa ciyar da ƙauye guda a wata shekarar wahala. Yanzu ga shi a bukkar zana da matarsa Dije da 'ya'ya uku, ƙaramar tana goye. Kullum da safe ya saɓa gatari ya shiga gari neman faskare, da yamma ya dawo, wani lokaci da ɗan ƙulli, sau da yawa da gatarin kawai. Amma matarsa ta tsaya a layi da ƙwarya? Ya ce sai dai bayan ransa.

Inna Kande ta leƙa wata safiya da sunan gaisuwa, ta dawo fuska a murtuke. "Maɗigar 'yar nan ta faɗa. Uwar ba ta da nono, don ba ta cin komai. In aka ƙara mako haka, ni zan yi mata wanka, kuma ba na suna ba."

Malama ta yi tunani irin na masu ilimi, ta ce ai akwai hanya. Mutumin da ba ya karɓar sadaka ba zai ƙi kwanon maƙwabci ba, balle da azumi. Ta ɗauko langarta mai zanen furanni, wadda take ci a ciki ita kanta, ta cika da dambu, ta ɗora kofin kunu, ta kai da hannunta. "Ga ɗan abin buɗa-baki daga maƙwabta." Aka karɓa, aka yi godiya. Muka ce madalla da boko.

Washegari da safe Dije ta dawo da langa a wanke, a rufe. Goggo Mairo ta buɗe ta ga gero cikin tafi biyu a ciki.

"Kun ga 'yan mutunci! Kwano ba ya komawa gidansu haka nan. Su o'o kuwa ko wankewa ba sa yi." Ta juye shi cikin hatsin surfe.

Haka aka yi ta yi. Langa ta tafi da magariba, ta dawo da safe da geronta. Jaririya ta fara buɗe ido. Kowa yana murna da dabarar Malama, Malama ma tana murna da dabarar Malama.

Rana ta tara na shigo da sawun farko, ina juye ruwa a randa, Goggo Mairo ta buɗe langa kusa da ni. Idona ya faɗa ciki. Na ajiye garwa.

"Goggo, tsaya. Miƙo in gani."

"Ka ga me? Ka taɓa ganin gero kuwa, kai da ka gudo daga gona?"

Na ɗebi kaɗan a tafina. Ƙwayoyin manya ne, kansu ɗaya, ba tsakuwa, ba ƙaiƙayi, kamar an zauna an tsince su da ɗai-ɗai. Kuma duk sun yi furu-furu. Na shinshina. Toka. Nan take na ga ubana a tsugune gaban rumbu bayan girbi, yana ware zangarniyar da ta fi kowace cika, yana cuɗa tsabarta da toka don kada ƙwari su taɓa, yana ɗaure bakin taiki yana cewa duk wanda ya kusanci wannan sai ya karya masa hannu.

"Tun yaushe yake zuwa da toka haka?"

"Tun ranar farko. Dattin hanya ne, ina wanke shi tas."

Na kira Malama. Na ce, "Malama, wannan ba na ci ba ne. Iri ne."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Iri kamar yaya?"

"Irin shuka. Abin da mutumin nan ya ɗauko daga garinsu don ya koma ya shuka in ruwa ya sauka. Ba su da abin da za su sa a langarki, kuma ba za su mayar da ita ba komai ba. Kwana takwas ke nan muna shan gonarsa da tsamiya."

Matar da ke rubuta wa hukuma takarda da Turanci, sai ga ta ta nemi turmi ta kife ta zauna a kai. Goggo Mairo ta ɗora hannu a ka.

Ku da ba ku yi noma ba, bari in gaya muku nauyin abin. Duk mutanen Bayan Dogo baƙi ne masu jiran ruwa, kuma abin da ya sa suke baƙi shi ne ɗan ƙullin irin da kowa ya ɓoye a ƙarƙashin shimfiɗarsa. Mai iri, ranar da aka yi ruwa zai koma gida ya zama mutum. Wanda ya cinye nasa ya zauna ke nan, shi da 'ya'yansa, dako da faskare har abin da Allah ya yi. Mutane sun binne 'ya'ya a hanya ba su kwance ƙullin nan ba.

Malama ta miƙe ta ce za ta je ta yi masa bayani. Inna Kande ta ce, "Talatu, kada ki je da bakin aji." Ba ta ji ba. Ta ce in raka ta.

Muka same shi yana wasa gatari a kan dutse. Bayan gaisuwa ta fara, a tsanake, dalla-dalla, yadda take koya mana baƙaƙe. Ta ce ba sai an sa komai a langa ba. Ta ce ta san halin da suke ciki. Ta ce abincin nan dama don mabukata ake dafa shi, kuma babu abin kunya a ciki.

Ina ganin lokacin da kalmar mabukata ta same shi. Hannunsa ya tsaya a kan gatarin.

"Malama, da kin ce kwanon maƙwabta ne."

"Shi ne mana."

"Maƙwabci ana mayar mai da kwano da abu ciki. Wanda ba a mayar ma, wanga sunanshi daban. Mun gode. Allah shi saka."

Da magariba aka kai langa, Dije ta leƙo ta bayan asabari, idonta a ƙasa, ta ce sun ƙoshi. Washegari ma sun ƙoshi. Bukkarsu ba ta da nisa da siton, muna jin kukan jaririyar, siriri kamar na ɗan kyanwa, kuma a rana ta biyu ya fara yin ƙasa. Malama ta sha ruwa da magariba ta kasa cin komai. Ta ce, "Na ba su sun yi asara, na hana su ramawa sun daina ci. To ni me na iya?"

Inna Kande ta ce, "Kin iya karatu. Ki bar mini wannan. Mairo, daga yau hannunki yana ciwo."

"Hannuna? Lafiyarsa ƙalau!"

"Yana ciwo. Kuma dama surfenki ba ya fita, kununki duk gudaji."

"Kande, ki ji tsoron Allah da azumi a bakinki! Shekara talatin ina..."

"To ba ya ciwo. Ki je ki ɗinko mana likkafani ƙarami."

Goggo Mairo ta dubi bukkar Nomau. Can ta nemi tsumma ta naɗe wuyan hannunta, tana gunaguni cewa ciwon hannu ta yarda, amma maganar gudaji ba za ta yafe ba har gaban Allah.

Inna Kande ta tafi bukkar Nomau, ba langa, ba komai, ta tsaya daga waje ta ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji. "Malam, taimako na zo nema. Mai dakanmu hannu ya hana ta, mu kuwa matan birni ka san mu, taɓarya ta fi ƙarfinmu. Ga bayin Allah za su sha ruwa ba kunu. Ka ara mana Dije, don Allah, in ba za mu takura muku ba."

Me zai ce? Mutumin da ya ciyar da ƙauye ba ya hana maƙwabci hannu. Dije ta zo da goyonta, ta kama taɓarya. Ko da yunwar da ke jikinta, luguden da ta yi sai da Goggo Mairo ta manta hannunta na ciwo ta fara tafi. Da aka sauke kunu Inna ta ce, "Ina ƙwaryarki? Mai girki ba ta tafiya ba rabonta, haka muka gada." Dije ta koma ta ɗauko ƙwaryarta. Tata ce, daga ɗakinta ta fito, ɗakinta za ta koma, ba wanda za a mayar wa da komai. Kafin mako ya zagayo jaririyar ta fara kuka mai hana mutane barcin rana, Inna tana cewa, "Yawwa, haka nake son ji."

Ciki ya samu, saura gona. A bakin turmi Dije ta gaya wa Inna cewa mudu biyu suka taso da shi, yanzu abin da ya rage bai fi ɗaya ba, kuma Malam ba ya barci, sai ya yi ta taɓa taikin. Ga shi an shiga goman ƙarshe. Da la'asar gabas ta fara haɗa baƙi, iska ta kawo ƙamshin ruwan da ya sauka a wata ƙasa, maza su fito su tsaya cirko-cirko suna kallon sama, hadarin ya watse.

Malama ta ce za ta sayo gero a kasuwa ta cika masa. Na ce, "Malama, kin sake. Na kasuwa bana daga kudu aka kawo shi, mai son dogon ruwa ne. A ƙasarsu damina ba ta daɗewa, kafin ya fitar da kai ruwa ya ɗauke. Nasu mai saurin nuna ne, kuma ba mai shi sai mutanen yankinsu."

"Suna ina?"

Na nuna mata bukkokin da suka kewaye mu.

Ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta ɗauki langar nan, da ɗan geron rana ta tara da muka tsirar a ciki, ta fita. Matar da ta zo Bayan Dogo don ta bayar, sai ga ta tana bin bukka-bukka da kwano a hannu. Ba ta ɓoye komai ba. A kowace ƙofa ta ce, "Na yi ɓarna da jahilci, na dama irin maƙwabcinku. Ku taimake ni." Wasu suka ce ba su da shi, kuma ba ta ga laifinsu ba. Wasu matan suka shiga ciki, ka ji ana kwance ƙulli, a fito da cikin cokali, wata abin da yatsu uku suka ɗauka. Wata tsohuwa ta zuba nata ta ce, "Ashe ke ma akwai abin da ba ki sani ba, ɗiyata," ta ƙara mata kaɗan don jin daɗin hakan. Kwana shida tana yi, cikin ranar nan, da azumi, har langa ta kusa cika.

Ruwan ya zo ana saura kwana biyu salla, bayan la'asar. Iska ta fara ɗaga zanaki, sama ta yi baƙi ƙirin, sannan ɗigon farko ya faɗi a kan kwanon siton kamar an jefo tsakuwa. Kafin ka ce me, ya kece. Ƙasa ta saki ƙamshin nan da ba shi da na biyu. Yara suka fita tsirara, mata suna tara ƙorai da tukwane, manyan maza suna tsaye a fili ruwa yana dukansu, bakinsu a rufe gam don kada azumi ya karye, hawaye da ruwa ba ka bambancewa. Ni kuwa na dubi garwata na san kasuwa ta mutu, kuma ban taɓa murnar mutuwar kasuwa irin ta ranar ba.

Washegari da sassafe Bayan Dogo ta tashi. Ba mai maganar salla, kowa ɗaure kaya yake, don ruwan shuka ba ya jiran mutum. Malama ta ɗauki langa, Inna da Goggo suna bayanta, ni ina bayansu. Nomau yana tsaye gaban bukkarsa, taikin a hannu, bai ɗaure komai ba.

Malama Talatu, wadda ban taɓa ganin ta durƙusa wa hakimi ba, ta sa gwiwoyinta biyu a cikin laka.

"Malam, ba kyauta na kawo ba. Na ci maka iri, ban sani ba, kuma rashin sanin laifina ne. Ga abin da na iya mayarwa. In ka karɓa ka yafe mini, in ka ƙi na san ba ka yafe ba."

Ya ce wa Dije ta kawo faifai. Ya juye langar a kai, ya tsuguna, ya baza da yatsa. Ya ɗauki ƙwaya ya duba, ya ɗauki wata.

"Wanga nawa ne. Wanga ja-ja, na mutanen gabas da mu ne. Wanga kuwa na gidan Tanko ne, na san shi, tun kakanshi suke shuka shi." Ya ɗago kai ya dubi bukkoki. Matan da ke ɗaure kaya duk suka duƙufa, kowace ta ga wani abu mai muhimmanci a cikin ƙullinta. "Kowa ya sani ke nan."

Na ce a raina shi ke nan, zai tura faifan nan ya juya baya, mu kwashe a laka. Malama tana durƙushe, zaninta yana shan ruwa.

Dije ce ta yi magana, a hankali, ba ta dube shi ba. "Malam, shekarar da ka buɗe rumbu, gidan Tanko sun ƙi karɓa?"

Nomau ya dubi faifan. Sannan ya buɗe taikin, ya karkata faifai, geron ya gangara ciki da ɗan sautinsa. Ya ce, "Tashi, Malama, kin ɓata zane. Kin iya karatu, amma ba ki san hatsi ba."

"Yanzu na fara."

Ta miƙa hannu za ta ɗauki langarta, ya riga ta. Ya sa hannu a taiki ya ɗebo abin da bai fi cikin cokali biyu ba, ya zuba, ya rufe, ya miƙa mata da hannu biyu. Ta buɗe baki za ta yi gardama, Inna Kande ta taka mata ƙafa.

"Wanga karo kada a dama," in ji shi. "A shuka."

Kafin azahar sun hau mota. Mu kuwa muka shuka shi a bayan siton, ni da sungumin aro, Malama tana bina tana zuba iri tana tambaya ko rami nawa ne ƙa'ida.

Waɗanda shukarsu ba ta yi ba a shekarar, tun kafin kaka suka fara dawowa Bayan Dogo, da ɗai-ɗai, kai a sunkuye. Duk ranar kasuwa in motar arewa ta tsaya a tasha, Malama takan bar allo ta fito bakin layin dogo ta tsaya tana duba masu saukowa, ko da Nomau da iyalinsa a cikinsu. Muka yanke ɗan geronmu na bayan sito, tana fita. Bukkar Nomau ta zube, aka kwashe zanakin aka yi wuta da su, tana fita. Ranar kasuwar ƙarshe kafin sanyi ya shigo ta dawo ta zauna a kan tabarma, ta cire tabarau tana gogewa da bakin mayafi.

Inna Kande ta ce, "Yaya, kin gan su?"

"Ban gan su ba," in ji Malama. "Alhamdu lillahi."